Daga Kano zuwa Serengeti da Zanzibar: yadda muka bi takardu, ƙofofi da kuɗaɗen tafiyar

Yawancin bayanan da ke intanet kan zuwa Tanzaniya kallon namun daji an rubuta su ne domin Turawa, waɗanda ke sauka a filin jirgi su miƙa dala 50 a buga musu biza nan take. Mai fasfon Najeriya ba haka tasa hanyar take ba, haka ma ɗan Nijar da ɗan Chadi. Ƙasashenmu suna cikin jerin waɗanda sai babban ofishin shige da fice na Tanzaniya ya duba takardunsu ya amince kafin su taso. Wanda bai san wannan ba zai iya sayen tikiti, ya biya otal, sannan a hana shi hawa jirgi tun daga Kano. Mu huɗu muka yi tafiyar a watan Agustan 2025, kwana goma sha ɗaya, amma tun watan Mayu muka fara shiri. Zan jero matakan yadda muka bi su, domin a wannan tafiya abin da ka fara da abin da ka bari sai daga baya shi ke raba ka da asara.

Fasfo muka fara dubawa. Dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, a lissafa daga ranar da za ka shiga ƙasar, kuma da shafin da ba a buga komai a kai ba. Daga nan sai neman kamfanin da zai kai mu daji, tun kafin maganar biza, saboda takardar gayyata daga gare shi za ta fito. Mun rubuta wa kamfanoni biyar da ke Arusha, birnin arewacin Tanzaniya da ake tashi daga shi zuwa daji, muka roƙi kowanne ya aiko da farashi a rubuce, dalla-dalla. Ɗaya ya kawo farashin da ya yi ƙasa da na saura da kusan dala 300 a kan kowane mutum. Da muka bi layi-layi sai muka ga bai sa kuɗin sauka cikin ramin Ngorongoro (ƙaton ramin tsohon dutse mai aman wuta, cike da namun daji) ba, bai kuma sa kuɗin kwana a cikin gandu ba. Da mun ɗauke shi, a bakin ƙofa za a ce mu ciro. Tambayoyin da suka warware mana komai su ne: shin kuɗin shiga kowane gandu yana ciki har da haraji, mutum nawa ne a mota, a wane masauki za a kwana da sunansa, ruwan sha da abinci sau nawa, kuma akwai iyaka a kan nisan da mota za ta yi a yini? Sannan muka nemi hoton lasisin kamfanin na harkar yawon buɗe ido da takardar rajistarsa. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan lasisi muka ajiye shi gefe. Wanda muka zaɓa ya ce dala 1,380 kowane mutum, kwana biyar a daji, mota ɗaya mu kaɗai, masaukai matsakaita. Mun gaya masa a fili cewa ba za mu biya cikakken kafin alƙalami ba sai biza ta fito, ya kuma fahimta, domin ya saba da baƙi daga Najeriya.

Ana cike takardar biza ne a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, kuma a kula, akwai shafukan 'yan tsakiya masu kama da shi da ke ƙara kuɗi. Na gwamnati adireshinsa yana ƙarewa da go.tz. Da ka fara za a ba ka lambar neman biza. Rubuta ta a takarda nan take tare da amsar tambayar sirri da ka zaɓa, don da su kaɗai za ka iya komawa ka duba inda aka kwana. Mun ɗora shafin fasfo mai hoto, hoton fuska mai farin baya, takardar gayyatar kamfani mai ɗauke da sunayenmu da lambobin fasfo, jadawalin tafiya, da lasisin kamfanin. Shafin ba ya karɓar manyan fayil, sai da muka rage nauyin kowanne. Sunan da ke takardar gayyata dole ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Ɗaya daga cikinmu Muhammad ne a fasfo, kamfanin ya rubuta Mohamed, sai da aka sake takardar. Kuɗin biza dala 50 ne, da kati ake biya, kuma ba a mayarwa ko an ƙi ka. Hukumar da kanta ta ba da shawarar a nema da wata biyu a gaba, kuma kada a sayi tikiti sai amincewa ta fito. Namu uku sun fito bayan mako biyar, na huɗun ya ƙara kwana tara. Kwanakin nan tara su ne mafi nauyi a dukkan shirin, saboda farashin tikiti yana hawa muna kallo, ba kuma abin da za mu yi sai kamfanin ya bi sawu daga can. Abin da ke zuwa takarda ce ta amincewa ta imel. A buga ta kofi biyu, domin tun a Kano ma'aikatan jirgi za su nema.

A cikin makonnin jiran muka gama da katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Tun 2019 Najeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake dubawa da na'ura, tsohon na hannu ba ya aiki. Za ka yi rajista a intanet, ka biya ta Remita, ka buga rasit, ka kai shi da fasfonka ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Mu na filin jirgin Malam Aminu Kano muka je da safe, kafin azahar mun gama. Wanda bai taɓa yin allurar ba sai ta kwana goma a jikinsa kafin katin ya fara aiki, saboda haka ba abin da za a bari sai satin tafiya ba ne. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016. Kada ka yarda wani ya kawo maka kati gida ba tare da allura ba. Tanzaniya tana duba katin duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun shawara, kuma Najeriya tana ciki.

Ranar da biza ta ƙarshe ta fito muka sayi tikiti. Mun bi jirgin Habasha daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can zuwa filin jirgin Kilimanjaro, dawowa kuma daga Zanzibar kai tsaye zuwa Adis. Wannan tsari na shiga ta wani gari a fita ta wani ya fi, don ya hutar da mu komawa Arusha. Sai maganar kuɗi. Ba inda ake canjin naira a Tanzaniya, dala za ka riƙe, kuma sababbi masu tsafta. Masu canji suna ƙin takardun da aka buga kafin 2009, da masu yagewa ko rubutun biro, kuma takardar dala 100 da ta 50 sun fi ƙananan takardu daraja wajen canji. A duba shekarar kowace takarda tun a wajen mai canji a Wapa. Katin banki na asusun dala ya fi na naira tabbas. Wanda zai ɗauki sama da dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan, a nan da can. Abu na ƙarshe kafin tashi shi ne inshorar Zanzibar. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga tsibirin sai ya sayi inshorar hukumar inshora ta Zanzibar, dala 44, tana aiki har kwana 92, ko da kuwa yana da wata inshorar. A intanet muka saya, aka aiko da takarda mai lamba, muka buga muka haɗa da biza.

A filin jirgin Kilimanjaro tun kafin teburin shige da fice ma'aikatan lafiya suka karɓi katin shawara suka duba. Daga nan layi ya rabu, masu sayen biza nan take da masu takardar amincewa. Jami'in ya tambaye mu sunan kamfani, inda za mu kwana, da tikitin komawa, ya ɗauki hoton yatsu, ya buga. Minti arba'in duka. An hana ledar zuba kaya a ƙasar tun Yunin 2019, don haka mun bar ledojinmu a gida muka sa takalma a jakar yadi. Daga filin zuwa Arusha tafiyar kamar awa guda ce, kuma a hannun hagu suke tuƙi, sai a kula wajen tsallaka titi. A garin muka canza kuɗi zuwa shilin, muka sayi layin waya da fasfo a shagon kamfanin kansa. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Akwai kuma lissafin lokaci na Suwahili da ke rikita baƙo: suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka idan direba ya ce saa moja, wato ƙarfe ɗaya, bakwai na safe yake nufi. Sai muka riƙa cewa ya nuna mana a agogon waya. Alƙibla ma ba gabas take ba. Daga Tanzaniya arewa ake fuskanta, don Makka tana kusan saitin Zanzibar ta sama. Soket ɗin wuta irin namu ne mai baki uku.

Ranar farko a daji gandun Tarangire muka nufa, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Arusha. A ƙofa direba ne ke shiga ofis da fasfonmu, ba a karɓar tsabar kuɗi, kamfani ya riga ya biya ta lambar gwamnati. Kuɗin shiga dala 59 ne ga babba da haraji. Rangwamen da ake yi wa 'yan ƙasashen Gabashin Afirka bai shafe mu ba, farashin Bature shi ne namu. Tarangire a rani wuri ne na giwaye, garke bayan garke suna gangarowa kogi, ga itatuwan kuka manya-manya waɗanda giwaye suka ɓare wa bawo. Akwai ƙudan tsando sosai, kuma baƙi da shuɗi ke jawo shi, sai a sa tufafi masu ruwan ƙasa, dogon hannu. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe na cin abinci, a nan muka yi alwala da ruwan gora muka haɗa azahar da la'asar. Mun gaya wa kamfanin tun farko cewa mu Musulmi ne, kuma muka maimaita a kowane masauki, domin abincin rana a kwali ake haɗo shi tun asuba, wani lokaci da nama da ba ka san asalinsa ba. Inda ba mu natsu ba muka tsaya a kan kifi, ƙwai, wake da shinkafa. Daren nan a garin Karatu muka kwana.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta a wannan yanki shi ne izinin shiga na awa 24 ne daidai, daga mintin da aka buga shi a ƙofa. Hanyar Serengeti ta cikin yankin Ngorongoro ta bi, don haka ko wucewa kawai za ka yi sai ka biya dala 70.80, da dawowa kuma ka sake biya. Mun shiga ƙofar Loduare da safe, muka hau dutse cikin hazo, muka tsaya a wurin leƙe muka hango ramin, sannan muka gangara zuwa fili. Tun daga ƙofar kwalta ta ƙare, sai hanyar burji mai girgiza da ƙura ta awa uku zuwa huɗu. Rawani ko mayafi yana da amfani a nan. Mun ratsa Olduvai, kwazazzabon da mai binciken kayan tarihi Mary Leakey ta tono wani daɗaɗɗen ƙoƙon kai mai kama da na ɗan Adam a 1959, akwai ƙaramin gidan tarihi da ake biya daban. Ƙarfe biyu na rana aka buga mana izini a Naabi, ƙofar shiga Serengeti, kwana biyu, dala 82.60 kowace rana, ban da kuɗin kwana a cikin gandu wanda shi ma ya kusa kai haka. Ma'ana ranar fita dole mu kasance a Naabi kafin biyu na rana. A ranar taya ta fashe mana a hanya, muka isa saura minti ashirin. Da mun wuce, kuɗin yini guda cur za a caje kowannenmu. Direba nagari yana ɗaukar tayar safaya biyu, kuma ya kamata ka duba da idonka tun a Arusha.

Serengeti ya fi murabba'in kilomita 14,000, kuma a tsakiyarsa, yankin Seronera, muka kwana a tanti mai gado da banɗaki. Da dare ba a fita sai an kira mai gadi, don kuraye da ɓauna suna yawo tsakanin tantuna. A nan muka ga zakuna a kan duwatsu, damisa ta hau bishiya da barewar da ta kama, dorinai cunkushe a tafki, raƙuman dawa, jimina, da jakunan dawa ba adadi. Fitar asuba ta fi komai, daga shida zuwa goma, domin da rana ta take namun suna shiga inuwa. Amma ga kuskuren da muka yi a tsarin tafiya. Babban garken nan na dabbar da suke kira nyumbu, mai kama da gwanki, wadda ta haura miliyan, ba ta zama wuri ɗaya. Daga Janairu zuwa Maris tana kudu wajen Ndutu tana haihuwa, daga Yuli zuwa Oktoba tana can arewa tana ƙetare kogin Mara. Mu a Agusta muna tsakiya, tsakaninmu da kogin tafiyar awa huɗu zuwa biyar, kuma ba mu sa kwana a can ba. Wanda burinsa ganin ƙetarewar kogi ne ya nemi a sa masa kwana biyu a Kogatende, kusa da kogin, ya biya ƙarin. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, farashi yana sauka amma hanyoyi suna lalacewa.

A hanyar dawowa muka tsaya a rugar Masai. A daidaita kuɗin kafin a sauka daga mota, kuma a tambaya ko ya haɗa da ɗaukar hoto. Za a yi muku rawar tsalle, a shigar da ku bukka ta kashin shanu da itace, a nuna yadda ake kunna wuta da sanda, sannan a kai ku wajen kayan duwatsun ado na sayarwa. Wanda ya san rugar Fulani zai ga kamanni da yawa a yadda shanu suke tsakiyar rayuwarsu, kuma hira a kan kiwo da ruwa da makiyaya ta fi rawar amfani, in ka samu mai fassara. Kada a ɗauki hoton Masai a bakin hanya ba da izini ba, suna jin zafinsa ƙwarai. Daren nan a bakin ramin Ngorongoro muka kwana, sama da mita 2,000 daga teku, sanyinsa ya fi na hunturun Jos, rigar sanyi mai kauri da hula da safa dole ne. Ƙarfe shida muka gangara. Kuɗin sauka dala 295 ne a kan kowace mota, shi ya sa tafiyar mutum huɗu ko shida ta fi sauƙi a kan aljihu. Zurfin ramin kamar mita 600, kuma a cikinsa muka hango karkanda biyu daga nesa. Ba tare da madubin hangen nesa ba da ba mu gane su ba, a tabbata akwai shi a mota. Babu raƙumin dawa a cikin ramin. Al'ada ce a ba direba goro a ƙarshe, mu mun haɗa masa dala 25 a kan kowace rana.

Daga Arusha muka hau ƙaramin jirgi zuwa Zanzibar, awa ɗaya da 'yan mintuna. Ƙananan jiragen nan sukan tsaya a kilo 15, kuma jaka mai laushi suke so. Mai son rage kuɗi zai iya hawa bas zuwa Darussalam, tafiyar yini guda, sannan jirgin ruwa na awa biyu. Ko da yake ƙasa ɗaya ce tun haɗewar 1964, Zanzibar tana da nata teburin shige da fice, an sake duba fasfo, katin shawara da takardar inshora. Otal-otal suna karɓar harajin kwana a kan kowane mutum, sau da yawa ba ya cikin farashin intanet, a tambaya.

Kwana biyu muka yi a tsohon garin Zanzibar, kuma da za a sake tsarawa uku zan sa. Lungunansa mota ba ta shiga, sai a ɗauki mai rakiya mai katin shaida na rabin yini. Mun je Mkunazini, inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, aka gina coci a wurin, ana kuma shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ba wurin hoto da dariya ba ne, mun fito jikinmu a sanyaye. Gidan sarautar da ake kira Beit al-Ajaib, ginin 1883, wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, daga waje muka kalle shi. Da magariba a dandalin Forodhani na bakin teku ana gasa tsire da kifi ana matse rake, a tambayi farashi kafin a zuba, kuma a zaɓi abin da aka gasa a gabanka. A kasuwar Darajani Bahaushe yana da rinjaye wajen ciniki, don lambobinsu namu ne: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini. Kanumfari da kirfa da masoro sun fi araha a nan fiye da gonakin da ake kai baƙi. Masallatai a kowane lungu, yawancin mutanen Shafi'awa ne, za ka ji ana ƙunut a asuba ana bayyana bisimilla. Tufafinmu na gida sun dace da garin, sallama kuma tana buɗe ƙofa.

Zaɓen bakin teku ya dogara da abu ɗaya da hotunan otal ba sa nunawa, wato janyewar ruwa. A gabashin tsibirin, Paje da Jambiani, teku yana ja baya da nisa sau biyu a yini, sai ka ga fili fari fat, mata suna aikin gonar ciyawar teku. Yana da kyau da natsuwa, amma iyo sai ruwa ya dawo, kuma akwai ƙayar teku da ke huda ƙafa, a sa takalmin roba. A arewa, Nungwi da Kendwa, ana shiga ruwa kusan kowane lokaci, sai dai cunkoso da kiɗa da shigar Turawa sun fi yawa. Mai tafiya da iyali ya fi samun sakewa a Jambiani, can muka zauna kwana uku. A hanya akwai dajin Jozani mai jajayen birai da ba a samu sai a Zanzibar, da tsohon masallacin Kizimkazi mai rubutun shekarar 1107 a bangon mihrabinsa. Duk wanda zai shiga kwale-kwale ya ga rigar ceto kafin ya biya, musamman mu da yawancinmu ba mu iya iyo ba.

Da za mu sake, wata uku kafin tafiya za mu nemi biza, mu tsara Serengeti bisa inda garken yake a watan, mu kuma ware kamar kashi goma cikin ɗari na kuɗin don abubuwan da ba sa cikin takarda: goro, harajin otal, tasi, wanki. Kuɗaɗen da na ambata na lokacin tafiyarmu ne, kuma shekarar kuɗin Tanzaniya tana farawa 1 ga Yuli, lokacin da aka fi sauya farashi, sai a nemi kamfani ya aiko da na shekarar. A ranar komawa an buɗe jakunkunanmu a filin jirgin Zanzibar. Kanumfari da kirfa sun wuce lafiya, amma ƙwaryar katantanwar teku da murjani da duk wani abu na jikin naman daji ba a fita da su, ko a bakin ruwa ka tsinta. Wanda ya sayi dutsen tanzanait ya riƙe rasit da takardar shaidar shagon a jakar hannu, don a wannan teburin za a nema.